Sallamar Kyamara: Yadda Hoton Farko Ke Magana a Finafinan Hausa

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Haka abin yake ga fim. Kafin ɗan wasa ya buɗe baki ya furta kalma ɗaya, mai kallo ya riga ya san ko a birni ake ko a ƙauye, ko gidan attajiri ne ko na talaka, ko dariya aka tanadar masa ko kuka. To wa ya gaya masa? Kyamara ce. Mu ɗaliban harshe mun saba da nazarin fim ta fuskar jigo da zubi da tsari da salon sarrafa harshe, tamkar yadda muke yi wa rubutaccen wasan kwaikwayo. Wannan ba laifi ba ne, amma rabin aikin ke nan, domin fim ba da baki kaɗai yake magana ba.

A nan Jalingo wannan batu a fili yake. Gari ne na harsuna barkatai, akwai Fulatanci da Mumuye da Jukun na Kona da sauransu, Hausa kuwa ita ce mahaɗa a kasuwa da tasha. Da yawa daga cikinmu mun fara kallon finafinan Hausa tun Hausarmu ba ta gama nuna ba, amma ba mu taɓa ɓata a cikin labarin ba. Hoto ne ya riƙe mana hannu kafin kunne ya waye. Wannan maƙala za ta dubi minti biyu ko uku na farkon fim, ta nuna cewa wurin da darakta ya dasa kyamararsa a wannan ɗan lokaci shi ne ke yanke wa mai kallo matsayinsa: baƙo ne shi, ko ɗan gida, ko kuwa mai leƙe.

Daga ƙofar gida zuwa ƙuryar ɗaki

Da farko ya kamata mu daidaita a kan kalma. Abin da za a riƙa kira "ɗauka" a nan shi ne duk abin da mai kallo ya gani daga yanka zuwa yanka, wato daga lokacin da wani hoto ya bayyana har zuwa lokacin da aka sauya shi da wani. Akwai ɗaukar nesa, wadda ke nuna gari ko fili ko gida dungurungum, mutum a cikinta ɗan mitsitsi ne. Akwai ta tsaka-tsaki, wadda ke kama mutum daga ƙugu zuwa kai, irin nisan da ke tsakanin masu hira. Sannan akwai ta kusa, wadda fuska ko hannu ko wani abu guda ke cika allo.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar waɗannan ita ce mu tuna da ginin gidan Bahaushe. Akwai ƙofar gida, inda kowa ke iya tsayawa. Akwai zaure, inda mai gida ke karɓar baƙi maza. Daga nan sai tsakar gida, sai kuma ɗaki. Kowane mataki da wanda aka yarje wa ya kai gare shi, shi ya sa ake rubuta "ba a shiga" a ƙofar gidan matan aure. Ɗaukar nesa tsayuwa ce a ƙofar gida. Ta tsaka-tsaki zama ne a zaure. Ta kusa kuwa shiga ɗaki ce, domin a rayuwa ta zahiri babu mai kusantar fuskar mutum haka sai uwa ko mata ko likita.

Galibin finafinanmu na bin wannan jeri sau da ƙafa. Za a fara nuna Kano daga nesa, Dutsen Dala ko badala ko gadar sama cike da motoci, sai a koma ga get ɗin wani gida, maigadi ya rugo ya buɗe wa mota, sai falo, daga ƙarshe sai fuskar wanda labarin zai bi. Idan kuwa ƙauye ne, za a ga dangar kara da rumbu da mata a bakin turmi, zakara na cara. Wasu manazarta na yi wa wannan kallon lalaci, suna cewa kullum abu ɗaya. Ni dai ina ganin akwai hikima a ciki. Sallama ce. Kyamara ta tsaya a waje, ta nemi izini, aka ce ta shigo. Aikinta ɗaya ne da "ga ta nan ga ta nanku" a tatsuniya: ba ta ɗauke da labari, amma ita ce ke sa masu sauraro su gyara zama.

Amfanin sanin ƙa'ida shi ne a gane ranar da aka karya ta. Idan fim ya buɗe kai tsaye da hannu yana zura wani abu a cikin ƙwaryar fura, ba gari ba gida ba fuska, nan take gaban mai kallo zai faɗi, domin an jefa shi ɗaki ba tare da sallama ba, ya zama mai leƙe, ya ga abin da mutanen gidan ba su gani ba. Shahararren misali a duniya shi ne fim ɗin Touch of Evil na Orson Welles, wanda ya fito a Amurka a 1958. Hoton farko bam ne a hannun wani mutum yana saita lokacinsa. Ya saka shi a but ɗin wata mota, mai motar ya zo da budurwarsa suka shiga, sai kyamara ta ɗaga sama ta bi su cikin titunan wani gari na kan iyakar Amurka da Meziko, fiye da minti uku ba a yanka ba ko sau ɗaya. Mutane na ta harkokinsu a gefen motar, mai kallo kaɗai ya san abin da ke ciki. Da a ce an fara da nuna garin, sannan motar, sannan fashewar, da firgita ta daƙiƙa ɗaya za a samu. Sauya jerin ne ya mayar da ita fargaba ta minti uku.

Wani ɓangare na rigimar da finafinan Hausa suka sha da malamai da iyaye yana da nasaba da wannan batu na shiga gida. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu a kan yadda finafinan bidiyo suka fito da abin da ke cikin gidan Bahaushe Musulmi, musamman sashen mata, suka baje shi a bainar jama'a. Ba rawa da waƙa kaɗai ne suka tayar da ƙura ba har aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, akwai kuma tambayar ina ne kyamara ke da hurumin shiga. Saboda haka daraktan da ya buɗe fim ɗinsa da amarya a gaban madubi a uwar ɗaka, ko ya sani ko bai sani ba, ya tsallake zaure da mai kallo.

Hoto ba ya zama shi kaɗai

Duk ɗalibin Hausa ya san cewa idan aka rubuta "gari" ba tare da alamar karin sauti da tsawon wasali ba, ba za a san ko birni ake nufi ko na tuwo ba sai an ga maƙwabtan kalmar a cikin jimla. Hoto ma haka yake. A wajajen 1920 wani mai shirya fim a Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauki hoton fuskar wani ɗan wasa wadda ba ta nuna komai, ya haɗa ta da kwanon miya, ya sake haɗa ta da gawa a cikin akwati, ya kuma haɗa ta da wata mace a kishingiɗe. Masu kallo suka ga yunwa a ta farko, baƙin ciki a ta biyu, sha'awa a ta uku, alhali fuskar guda ce.

Mu kawo shi gida. A ce an nuna budurwa ta sunkuyar da kai tana wasa da gefen mayafi. Idan hoton da ya gabace ta saurayi ne a tsaye a ƙofar gida, kunya ce. Idan mahaifinta ne zaune a kan buzu ya haɗe rai, tsoro ne. Idan makara ce ake fita da ita, jimami ne. 'Yar wasan ba ta sauya komai ba, mai tace hoto ne ya yi magana. A nan akwai wani abin lura ga mai nazarin al'ada. A finafinan Turawa, kau da ido a ɗaukar kusa kan nuna rashin gaskiya. A wurinmu kuwa tarbiyya ce, yarinyar da ta tsura wa babba ido ita ce abin zargi. Don haka fim ɗin da ya gabatar da tauraruwarsa tana kallon kyamara ido cikin ido ya riga ya gaya wa Bahaushe cewa wannan idonta a tsakar ka yake, tun ba ta yi magana ba.

Wannan dabara ta jera hotuna ce kuma ke ba masu fim damar yi mana ƙarya mai amfani. Get ɗin da aka nuna yana wata unguwa, falon yana wata, wani lokaci ma a wani gari daban, amma da yake an jera su sai ƙwaƙwalwa ta gina gida ɗaya.

Finafinan Indiya, waɗanda Hausawa suka daɗe suna kallo a sinimomi irin su Plaza da Marhaba a Kano, sun ƙware a nan. Wanda ya kalli Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995 zai tuna farkonsa: dattijon nan Amrish Puri yana watsa wa tantabaru hatsi a wani dandali a Landan, gari ya yi duhu-duhu ba walwala, sai hoto ya koma gonakin Panjab masu furanni ruwan ɗorawa, mata na rawa cikin tufafi masu launi. Tantabarun da hatsin suna nan a duka wuraren biyu, launi ne ya bambanta. Jigon fim ɗin gaba ɗaya, wato mutumin da jikinsa ke Turai zuciyarsa na gida, an gama faɗarsa a nan. Sauran awa uku sharhi ne.

Tsayin kyamara da tabarma

Littattafan koyon fim kan ce, idan aka ɗauki mutum daga ƙasa ana kallonsa sama, ya zama mai iko, idan kuwa daga sama aka ɗauke shi, ya ƙanƙance. Bahaushe ba ya buƙatar a koya masa wannan, domin a jikinsa yake. Yaro kan durƙusa ya gai da babba, talaka kan faɗi a gaban sarki, sarki na kan karaga fadawa na ƙasa. A labari irin na Sangaya, fim ɗin kamfanin Sarauniya na 1999 wanda Ali Nuhu da Fati Mohammed suka fito a ciki, inda soyayya ta haɗa ɗan sarauta da yarinya mai hidima a gidan, tambayar wa ke sama wa ke ƙasa ita ce labarin kansa. Duk daraktan da zai buɗe irin wannan fim dole ya zaɓa: da idon mai durƙuso za mu fara ganin fada, ko da idon wanda ake durƙusa wa?

Sai dai akwai wani kuskure da ya yawaita, wanda kuma ba a cika magana a kansa ba. Rayuwar Bahaushe ta gargajiya a ƙasa take. A kan tabarma ake cin abinci, a kanta ake karatu, a kanta ake ɗaurin aure da sulhu da zaman makoki. Ita kuwa ƙafar kyamara, an saba miƙe ta daidai idon mutum a tsaye, saboda haka ya fi wa mai ɗauka sauƙi. Sakamakon shi ne, za a buɗe fim da malami a zaurensa, ana son a nuna kwarjininsa, amma kyamara na kallon tsakar rawaninsa daga sama kamar ɗan sandan da ya zo kama shi. Baki na cewa "Allah ya gafarta malam", hoto na cewa wani abu daban.

Wani darakta ɗan Japan, Yasujiro Ozu, mai fim ɗin Tokyo Story na 1953, ya shahara da maganin wannan matsala. Mutanensa ma a kan tabarma suke zama, sai ya sauko da kyamararsa ƙasa sosai, kusan daidai da wanda ke zaune, ya kuma bar ta a wuri ɗaya ba yawan motsi. Mai kallo sai ya ji kamar an shimfiɗa masa tabarma shi ma. A ganina darasin Ozu ya fi kusa da buƙatarmu fiye da na Amurka ko Indiya.

Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya fara ne da Shaihu a tsakiyar almajiransa, aka tambaye shi asalinsa, sannan labari ya koma baya. Irin wannan mabuɗi ya riga ya ba mai kallo wurin zama: ɗaya ne daga cikin almajirai, kuma duk wahalar bauta da hamada da zai gani daga baya, ya san yaron zai rayu har ya zama wannan dattijo. An rage masa fargabar ko zai tsira, an ƙara masa tambayar yaya aka yi. An gyara wannan fim aka sake nuna shi a bikin finafinai na Balin a ƙasar Jamus a 2018, ya kamata sassan Hausa su nemi hanyar nuna wa ɗalibansu shi.

Abin da na'ura ta tilasta

Ba kowane zaɓi ne na darakta ba, wani na aljihu ne. Shaihu Umar da kuɗin gwamnati aka yi shi, don babban allon sinima. Masana'antar da muka sani yau kuwa ta faro ne da Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, a kan kaset ɗin bidiyo. Hoton kaset ba shi da kaifi, akwatin talabijin na lokacin ƙarami ne, allonsa kuma kusan murabba'i. Idan aka yi ɗaukar nesa mai faɗi, mutane sai su zama kamar ƙudaje, ba a gane Ibro balle a yi dariya. Dole masu ɗauka suka matso, shi ya sa finafinan shekarun 1990 da farkon 2000 suka cika da ɗaukar tsaka-tsaki da ta kusa, ta nesa kuwa sai a yi ta sau ɗaya a farko a wuce.

Haka nan yawan zuƙowa. Kyamara ɗaya ce, babu layin dogon da za a tura ta a kai, babu ƙugiyar ɗaga ta sama, abin da ke hannu shi ne maɓallin zuƙo hoto. Akwai bambanci tsakanin biyun. Idan kyamara ta taka da kanta, abubuwan gaba da na baya kan sauya matsayi, sai mai kallo ya ji shi ne ke tafiya cikin ɗakin. Idan zuƙowa aka yi, hoton ne kawai ke kumbura, kamar wanda ya tsaya daga nesa ya ƙura ido. Ɗaya shiga ce, ɗaya leƙe. Ba wai zuƙowa aibu ce ba. Farkon The Godfather na 1972 da ita aka yi shi: fuskar wani mutum a cikin duhu yana kai kuka, hoto na ja da baya sannu a hankali har kafaɗa da hannun wanda ake kai wa kukan suka bayyana, mai kallo ya tsinci kansa a bayan kujerar mai iko. Abin da ya ɓata ta a wurinmu shi ne gaggawa, da kwaikwayon salon nan na Indiya na afka wa fuska sau uku tare da kiɗa mai firgitarwa don kawai an ce "na sake ki".

Kasuwa ma ta sa hannu. A zamanin kaset da faifan CD, wanda ya saya a Ƙofar Wambai ko ya karɓo haya a shagon unguwa ya riga ya biya, zai jure tallace-tallacen finafinai masu zuwa da dogon jerin sunaye da godiya kafin a fara. Yanzu da kallo ya koma tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da kuma YouTube a wayar hannu, mai kallo na iya tsallakewa da ɗan yatsa. Shi ya sa finafinai masu dogon zango kan fara da tunatar da inda aka kwana, ko su jefo rikici tun daƙiƙar farko. Allon waya kuma ya fi na tsohuwar talabijin ƙanƙanta, don haka fuska ta sake karɓe mulki.

Sai kuma ƙaramin jirgin nan maras matuƙi mai ɗauke da kyamara, wanda ya zama ruwan dare. Ya ba mu abin da masu Turmin Danya ba su yi mafarkinsa ba, ganin Kano ko Kaduna kamar yadda shirwa ke ganinsu. Amma idon wa ke nan? Babu ɗan wasan da ke kallon duniya daga can. Irin wannan hoto ya dace da labarin da ke son ya ce mutum ƙanƙani ne a cikin birni, ko ƙaddara na kallonsa daga sama. Idan kuwa labarin kishiyoyi biyu ne a gida ɗaya, shawagi a kan gadar sama bai faɗi komai ba illa cewa furodusa ya yi hayar jirgi.

Idan a Jalingo ne

A ce ɗayanmu zai shirya gajeren fim a kan yarinyar da ta taso daga Gembu, can kan tsaunin Mambila, ta zo karatu Jami'ar Jihar Taraba. Yana iya farawa da duwatsun da ke kewaye da Jalingo da sassafe, sannan titi, sannan tasha, sannan ita tana saukowa daga mota. Wannan sallama ce cikakkiya, mu 'yan gari ne, ita ce baƙuwa. Yana iya farawa daga cikin motar, ta tagar da take leƙe, gari na wucewa a guje, rubuce-rubucen shaguna ba sa karantuwa. A nan mu ne baƙin, tare da ita. Yana kuma iya farawa da hannunta kaɗai, ta damƙe ƙullin kuɗi a bakin zane, hayaniyar 'yan kamasho na tashi ba a ganinsu. A nan an gaya mana cewa kuɗin nan akwai abin da zai same su. Yarinya ɗaya, tasha ɗaya, rana ɗaya, ba a furta kalma ba, amma finafinai uku ne mabambanta.

Ga mai son gwada wannan nazari a aikin aji ko kundin kammala digiri, hanyar ba ta da tsada. Ya zaɓi fim, ya kashe sauti gaba ɗaya, ya kalli minti biyu na farko bayan sunaye. Ya ƙirga ɗauka nawa ce, ya rubuta kowace a layinta: ta nesa ce ko ta kusa, daga sama ko daga ƙasa, a tsaye take ko tana motsi, daƙiƙa nawa ta yi, fuskar wa aka fara nunawa. Sannan ya rubuta hasashensa a kan labarin kafin ya kunna sauti. Zai fi armashi idan aka haɗa fim ɗaya na zamanin kaset da ɗaya na zamanin YouTube, a kuma zaunar da wanda ba ya jin Hausa sosai a gefe, a ji abin da shi ya gani.